Karayar ɗan kasuwa tun daga Laraba ake gane ta

Duk wanda ya san kasuwar Arzeke ta Paraku, ko babbar kasuwar Jugu, ko kuwa ta Malanbil da ke bakin kogin Kwara, ya san cewa da yawa daga cikin hajar da ke shiga da fita a waɗannan wurare ba da kuɗi hannu take tafiya ba. Mai shago zai karɓo atamfa daga Kwatano a kan zai biya bayan mako uku, shi kuma ya rarraba ta ga masu kai ta kasuwannin ƙauye a kan su kawo kuɗi ranar kasuwa mai zuwa. Mahauci zai ja sa da safe, sai ya sayar da nama sannan ya biya. Mai albasa zai yi lodi da kuɗin wani, direban da ya ɗauko kayan ma wani lokaci sai an sauke an sayar ake sallamarsa. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a kasuwannin bakin iyaka babu mai musun wannan magana.

Sai dai idan mutum guda ya karye a tsakiyar wannan sarƙa, ba shi kaɗai yake faɗuwa ba, yakan ja mutum biyar ko goma su bi shi ƙasa, wasunsu ma ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kuma duk lokacin da haka ta faru, magana ɗaya ce ake ji a bakin jama'a: wallahi ba mu taɓa zato ba, kwanan nan fa ya sayi mota, bara ma ya kai iyali Makka. To, mu dai ra'ayinmu shi ne, karayar ɗan kasuwa ba ta faɗowa daga sama kamar aradu. Tana da alamomi, kuma a cikin lissafi alamomin suke ɓuya, babbar riga da girman gida ba sa nuna su. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi kyau ba. Bankuna sun daɗe da gano haka, har sun mai da abin ilimi mai zaman kansa, kuma yau da wannan ilimi suke auna mu ko muna so ko ba mu so. Saboda haka lokaci ya yi da za mu san yadda ma'aunin nasu yake aiki, mu ɗauki abin da zai amfane mu a ciki, mu kuma nuna musu inda yake da makanta.

Bari mu fara da namu na gado. Paraku da Jugu ba jiya suka zama garuruwan ciniki ba. Tun ƙarni na 18 da na 19 zangon fatake ne a kan hanyar Gwanja, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Paraku, su sauka a unguwar Wangara ta Jugu, har su dangana da Salaga su sayo goro. A wancan zamani babu banki, babu takardar yarjejeniya, amma akwai maigida. Shi ne mai saukar da baƙo, shi ne mai ajiye masa kaya, shi ke haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa, kuma idan cinikin na bashi ne shi ke tsayawa lamuni. Maigida ba ya tsaya wa mutum lamuni don kyan fuskarsa. Ya san ubansa, ya san sau nawa ya ci bashi ya biya, ya san ko ya taɓa wuce ranar alkawari, ya san ko ya fara caca ko ya ƙara aure da kuɗin mutane.

Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa bincikensa a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda Hausawa masu fataucin shanu ke bai wa mahautan Yarbawa shanu bashi na 'yan makonni ba tare da wata takarda ba, amma kasuwar ba ta rushe ba. Asirin shi ne masu gidaje da dillalansu kullum suna bibiyar halin da kowane mahauci yake ciki, wa ya biya, wa ya yi jinkiri, wa cinikinsa ya ja baya, kuma labarin yana zagawa a tsakaninsu. Ashe ke nan kakanninmu suna da rumbun bayanan masu cin bashi tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta, sai dai nasu a cikin ƙwaƙwalwar dattawa yake.

Abin tambaya shi ne, ko wannan tsari yana iya ɗaukar kasuwar yau? A gaskiya ƙarfinsa ya ragu. Tun da layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, garin ya zama mahaɗar kayan Nijar da na arewacin ƙasar nan, jama'a suka ƙaru, baƙi suka yawaita. Yau ga wayar salula, ga tura kuɗi ta waya, mutum yana zaune a Jugu zai karɓi kaya daga Lome da Kano da Kwatano a mako guda ba tare da ya sauka a gidan kowa ba. Zai ci bashi a wurin mutum huɗu, ya karɓi rance a asusun CLCAM, ya kwashi adashi biyu, kuma babu ɗaya daga cikin masu binsa da ya san da zaman sauran. Kowa yana ganin shi kaɗai ke bin Alhaji, sai ranar da Alhaji ya kashe waya sannan su haɗu a ƙofar shagonsa su san juna.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai wannan cuta take kamawa. Idan ba a manta ba, a ƙarshen shekarun 1980, zamanin mulkin Mathieu Kérékou, bankunan gwamnati uku na ƙasar Benin, wato BCB da BBD da CNCA, duk sun durƙushe. Binciken da masana na Bankin Duniya suka yi daga baya ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na basussukan da bankunan suka bayar sun zama matattu, domin an riƙa ba da rance ga kamfanonin gwamnati da masu uwa a gindin murhu ba tare da an duba ko za su iya biya ba. Masu ajiya suka wayi gari kuɗinsu ya maƙale, ma'aikata suka yi watanni babu albashi a 1989, abin da ya taimaka wajen kai ƙasar ga babban taron ƙasa na watan Fabrairun 1990. Bayan shekara 20, a 2010, sai ga badaƙalar ICC Services, kamfanin da ya riƙa yi wa masu ajiya alkawarin riba har ta kashi 200 cikin 100, alhali da kuɗin sababbin shiga yake biyan tsofaffi. Sama da sefa biliyan 150 na dubban mutane suka salwanta, ministan cikin gida ya rasa kujerarsa, kuma sai a ƙarshen 2018 kotun CRIET ta fara sauraron shari'ar a Porto-Novo. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa lissafa ribar buhun shinkafa ya san babu sana'ar halal da ke ninka kuɗi uku a shekara ba tare da gumi ba. Lissafin bai fi na ɗan firamare ba, amma kwaɗayi da ganin manyan mutane a tare da kamfanin suka hana jama'a yin sa.

To, yaya masana suka mai da wannan al'amari ilimi? A 1966 wani malamin lissafin kuɗi a Amurka mai suna William Beaver ya ɗauki kamfanoni 79 da suka karye, ya jera su da wasu 79 masu kama da su da ba su karye ba, ya koma cikin littattafansu na shekara biyar kafin faɗuwar. Ya tarar da cewa tun da sauran shekaru bambanci yake fara bayyana, kuma alamar da ta fi kowace faɗin gaskiya ita ce yawan tsabar kuɗin da ke shigowa kamfani idan aka gwada shi da jimillar bashin da ke kansa. Bayan shekara biyu, a 1968, Edward Altman na Jami'ar New York ya ƙara gaba. Ya ɗauki kamfanonin ƙere-ƙere 66, rabinsu sun karye tsakanin 1946 da 1965, rabi suna tsaye. Ya gwada ma'auni 22, ya tace ya zaɓi 5, ya bai wa kowane ɗaya nauyinsa, ya haɗa su suka ba da maki guda. Kamfanin da makinsa ya gaza 1.81 yana bakin rami, wanda ya haura 2.99 yana cikin lafiya, abin da ke tsakani kuwa sai a sa masa ido. A kan waɗannan kamfanoni, ma'aunin ya faɗi daidai da kashi 95 cikin 100 idan saura shekara guda a karye, ya sauko zuwa kashi 72 idan saura shekara biyu, idan kuwa saura uku bai kai rabi ba. Daga baya wasu suka zo da hanyoyin da ke fitar da amsar a matsayin yiwuwa, wato a cikin kamfanoni 100 masu irin wannan hali, nawa ne ake sa ran za su kasa biya a shekara mai zuwa.

Wani zai ce ina ruwan mai shago a Arzeke da kamfanonin Amurka. Mu dubi ma'aunan nan biyar da harshen kasuwa, za mu ga ba baƙinmu ba ne. Na farko, kuɗin juyawa: idan ka haɗa tsabar da ke hannunka da hajar da ke shago da bashin da kake da tabbacin karɓa, ka cire abin da ake binka wanda lokacinsa ya kusa, me ya rage? Na biyu, ribar da aka tara: a cikin shekarun da ka yi kana sana'a, nawa ka mayar cikin jari, nawa kuma ya tafi a biki da suna da gini? Na uku, kuma shi Altman ya bai wa nauyi mafi girma, ribar da dukiyar take haifarwa a shekara, domin shago cike da kaya da ba ya kawo riba ɗakin ajiya ne kawai. Na huɗu, a cikin dukiyar da ke hannunka, nawa ne naka na kanka, nawa ne na mutane? Na biyar, sau nawa jarin yake juyawa a shekara? Duk wanda ya yi zama da tsofaffin dillalai ya san waɗannan tambayoyi ne suke yi a zuci kafin su ce a ba wane kaya. Abin da Bature ya ƙara shi ne ya rubuta, ya gwada a kan mutane da yawa, ya ga wace alama ce ta fi gaskiya.

Akwai wani lissafi kuma da ya kamata kowane mai ba da kaya bashi ya haddace. A ce ribarka a kan kaya kashi 5 ce cikin 100, sai wani ya tafi maka da sefa miliyan 1. Kafin ka mai da wannan asara sai ka yi cinikin miliyan 20, kuma a ce duk masu sayen sun biya. Mutum ɗaya mai taurin bashi yana cinye ribar da ka samu a kan mutum 20 masu amana. Amma kuskuren yana da fuska biyu, domin idan tsoro ya sa ka hana kowa, ka kori masu amanar zuwa shagon maƙwabcinka. Aikin ma'auni shi ne ya taimake ka ka rage kuskuren farko ba tare da ka faɗa na biyu ba. Bankuna kan yi wa kansu tambaya uku a kan kowane rance: mene ne yiwuwar mutumin ya kasa biya, nawa ne zai kasance a hannunsa a ranar, kuma nawa za a iya ƙwatowa ta hanyar jingina ko lamuni. A ƙa'idarsu ta duniya, bashin da ya wuce kwana 90 da lokacinsa ba a biya ba, ba a ƙara lissafa shi cikin masu lafiya. Mu kuwa sai mutum ya riƙa ƙidaya bashin shekara uku a cikin jarinsa, yana jin yana da kuɗi, alhali mai bashin ya daɗe da ƙaura.

Wannan ilimi ya riga ya iso ƙofarmu. A 2015 babban bankin BCEAO, wanda ke da reshe a nan Paraku, ya ba kamfanin Creditinfo Volo, wanda daga baya ya koma Creditinfo West Africa, izinin tattara bayanan masu cin bashi a ƙasashe 8 masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma. Kamfanin, mai hedikwata a Abidjan, ya fara aiki a watan Fabrairun 2016, ƙasar Benin kuma ta kafa dokarta a kan haka a 2017. Bankuna da manyan asusun ba da ƙananan rance suna aika masa labarin wanda ya karɓa, da nawa ya karɓa, da yadda yake biya, kuma kafin a ba mutum sabon rance sai a leƙa. A Nijeriya ma, inda da yawa daga cikinmu suke da asusu, an kafa dokar irin wannan a 2017, kuma tun 2020 banki na iya bin lambar BVN ya cire bashinsa daga ajiyar mutum da ke wani banki daban. Wannan takarda da ake miƙo wa mutum a ce ya sa hannu ko ya dangwala yatsa kafin a ba shi rance, sau da yawa a cikinta ne yake amincewa a aika da bayanansa, amma mutum nawa ne a cikinmu aka taɓa karanta wa ita da Hausa ko Dendi ko Batonu? Doka ta ba kowa damar ya ga rahoton da aka rubuta a kansa kyauta sau ɗaya a shekara, ya kuma ƙalubalanci duk kuskuren da ya gani. Hakki ne da ba a cika amfani da shi ba saboda ba a san da shi ba.

Duk da haka, ba za mu ce ma'aunin ba shi da aibu ba, kuma a nan ne muke da magana da bankuna. Duk wani ma'auni irin wannan da tarihin jiya aka gina shi, yana kuma ɗauka gobe za ta yi kama da jiya. A kasuwar bakin iyaka kuwa gobe tana iya canjawa da sanarwa guda ta rediyo. A watan Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disambar 2020. A 2023 aka cire tallafin mai a Nijeriya aka kuma saki naira, dalar da ake saye kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wanda ya ba da kaya bashi da naira ya ga kuɗinsa ya narke a hannun mutane. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren a lokacin ba. Mutumin da ya shekara 15 bai taɓa saɓa alkawari ba, motarsa ta maƙale a bakin gada kayan suka lalace, shin daidai ne kwamfuta ta sa shi a layi ɗaya da wanda ya ci kuɗin mutane da gangan? Shi kansa Altman bai yarda a ɗauki ma'auninsa a kai ko'ina yadda yake ba, ya sake gina wani don kamfanonin da ba sa kasuwar hannun jari a 1983, da wani don ƙasashe masu tasowa a 1995. Kuma duniya ba ta manta ba cewa bankin Lehman Brothers yana riƙe da kyakkyawar shaida daga manyan kamfanonin auna bashi har 'yan kwanaki kafin ya rushe a ranar 15 ga Satumbar 2008.

Darasin da ke cikin wannan ga ɗan kasuwa shi ne, yawan abokan ciniki ba shi ne rarraba haɗari ba. Idan kana bin mutum 10 bashi, dukkansu kuma ta gadar Malanbil suke cin abinci, to a haƙiƙa mutum ɗaya kake bi, domin ranar da aka rufe gadar tare za su zo maka da uzuri. Haka idan duk masu karɓar kayanka ta Nikki da Cikanda suke bi, ko duk da naira suke biya. Mai hankali yakan duba ya ga wani kaso na jarinsa yana fuskantar Togo ta Kasuwar Allah, wani yana cikin gida, wani kuma tsaba ne a ajiye.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu na cewa ƙoƙarin gane wanda zai karye tun kafin ya karye kamar shiga sanin gaibu ne. Amsarmu ita ce, manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya kwashe shanyarsa bai yi duba ba. Ma'auni ba ya cewa wane zai karye ranar kaza, cewa yake yi masu irin wannan hali sun fi yawan karyewa, sauran kuma yana hannun Allah. Wasu na cewa rubuta bashi rashin yarda ne da tozarta ɗan uwa. To, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, kuma ta sauka ne ga Sahabbai waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Aya ta 280 a surar kuma ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Yaya za a bambanta mai ƙunci na gaskiya da mai taurin bashi idan babu tarihin kowa a rubuce? Ban da wannan, wanda bai san adadin hajarsa da abin da yake bi da abin da ake binsa ba, ta yaya zai fitar da zakkar dukiyarsa daidai?

Hujja ta uku ita ce tsoron haraji, kuma ita ce ta fi ƙarfi a zukatan mutane ko da ba a faɗa. Gaskiya ne wanda ya yi rajista dole ya biya abin da doka ta ɗora masa. Amma littafin da ka rubuta don kanka naka ne, kuma wanda ba shi da littafi shi ne wanda ake yanka wa haraji da ka, ba shi da abin da zai nuna ya kare kansa. Dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ƙasashe 17 suke aiki da su har da Benin da Nijar da Togo, sun yi wa ƙaramin ɗan kasuwa sassauci: mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba, an yarda ya riƙe ɗan sauƙaƙan lissafi na abin da ya shiga da abin da ya fita. Dokokin nan kuma suna da wani gargaɗi da ya shafe mu ƙwarai. Wanda ya sa hannu ya tsaya wa wani lamuni, in ba a rubuta akasin haka ba, ana ɗaukarsa tamkar shi ya ci bashin, mai bin kuɗi yana iya neman dukkan kuɗinsa a wurinsa da zarar mai bashin ya kasa. Idan kuwa bai iya rubutu ba, wajibi ne a samu shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da yake ɗaukar wa kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma gara mutum ya san girman kan tun kafin ya karɓi ladan.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwanmu 'yan kasuwa da kowa ya sayi littafi guda, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya riƙe masa, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum, a rubuta sunan kowane mai bashi da ranar alkawari da ranar da ya biya. A raba aljihun gida da na shago, maigida ya yanka wa kansa abin cefane ya tsaya a kai. Duk ƙarshen wata a zauna a yi wa kai tambayoyin nan biyar. A yanke wa kowane abokin ciniki iyakar abin da za a iya ba shi, kada a ƙara masa sabon kaya sai ya sauke na baya. A kuma lura da alamomin da dattawa suka sani: mai biya a kwana 7 ya koma 20, mai karya farashi ƙasa da yadda ya saro don ya samu tsaba, mai cin sabon bashi don ya biya tsoho, mai yawan canja lambar waya.

Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Paraku da Jugu da Malanbil, da sarakunan zango da sarakunan fawa da manyan dillalai, da su dawo da aikin maigida a sabuwar siga. Kowace ƙungiya ta buɗe rajista a hannun amintattu biyu ko uku, inda mambobi da yardarsu za su riƙa shigar da manyan basussukan da ke tsakaninsu, domin mai shirin ba da kaya ya iya tambaya a asirce ko wane yana da nauyi a wani wuri. Kada rajistar ta zama dandalin tonon silili. Duk wanda aka rubuta wani abu a kansa a ba shi dama ya kare kansa, a kuma rubuta dalilin jinkiri idan gobara ce ko rufe iyaka ko rashin lafiya, wanda ya biya kuma a wanke sunansa. A nemi shawarar masana doka tun farko, domin ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar APDP mai kula da ita. Irin wannan rajista za ta fi amfanar yaro mai tasowa wanda ba shi da gida ko fili na jingina, domin shekara uku na cika alkawari a rubuce jari ne da zai iya nunawa.

Daga ƙarshe muna kira ga BCEAO da bankuna da asusun ba da rance da su sauko su yi wa jama'a bayani da harsunan da suke ji, gidajen rediyon al'umma a buɗe suke don haka. Su karanta wa mutum takarda kafin ya dangwala yatsa. Su gina ma'auninsu da tarihin kasuwanninmu, su yi la'akari da shigar kuɗi ta waya da littafin ɗan kasuwa da shaidar ƙungiyarsa, su kuma ware wanda rufe iyaka ya karya daga wanda halinsa ya karya shi. Idan suka yi haka za su samu abokan hulɗa na ƙwarai da yanzu suke kora ba su sani ba.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba masu bashi ikon biya, Ya ba masu bi haƙuri, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.